Ƙeyar Mai Aski

Tun yana ƙarami ake ce masa Tauraro, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili, don dalilin yana nan a fuskarsa. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ga hanci, ga gira kamar an zana, ga wata 'yar wushirya da ke leƙowa in ya yi murmushi. Mahaifiyarsa ta sha ba da labarin yadda mata ke tsayar da ita a hanya su karɓe shi su yi ta juyawa, har ta makara zuwa inda za ta. Yaron da ya tashi kowa na ce masa "kai, wannan ɗa!" ba laifinsa ba ne in ya ɗauka duniya shi take jira. Laifinsa daga baya ya zo, lokacin da ya isa ya gane amma ya ƙi.

Sana'arsa aski. A hannun kawunsa ya koya, ƙanin mahaifiyarsa, a wani shago mai kujeru biyu da ke bakin titi, tsakanin mai sayar da kayan wuta da kantin magani. Shagon ba shi da girma. Babban madubi ya cinye bango guda, sai bencin masu jira, da fanka mai ƙara a sama, da kanta inda ake jera kilifa da almakashi da reza da hoda. A jikin wata ƙusa kusa da ƙofa akwai ƙaramin madubi mai mariƙi, wanda ake ɗaga wa mutum ta baya in an gama, ya ga ƙeyarsa. Kawu ya koya masa cewa aski bai ƙare ba sai an ɗaga wannan madubin, kuma Tauraro ya riƙe ƙa'idar ga kowa, ban da kansa. Kawu ne ke yi masa aski, amma duk sanda tsohon ya miƙa hannu wajen ƙusar, sai ya yaye ƙyallen wuyansa ya miƙe yana dariya.

"Bar shi, Kawu. Masu shakka ne ke duba baya."

Farin jininsa wurin mata kuwa ba a magana. 'Yan mata kan rako ƙannensu aski alhali gashin yaran ko tsirowa bai yi ba. Wasu su wuce ta gaban shagon, su dawo, su sake wucewa, kamar sun yar da wani abu. Wayarsa ba ta hutawa. Shi kuma ya ƙware a wani salo da ya fi ƙarya muni: ba ya yi wa mace alkawari, ba ya kuma sallamarta. Zai zuba mata ido ya saurare ta, ya riƙe sunan ƙawarta da ciwon da ke damun babarta, har ta ji kamar ita kaɗai aka halitta. In ta kawo maganar aure, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Bari dai abubuwa su daidaita." Abubuwan ba su taɓa daidaita ba. Haka ya riƙa yi wa 'ya'yan mutane ɗaurin talala, wannan ta gaji ta tafi tana kuka, wata ta maye gurbinta kafin hawayen su bushe. In aka ce masa mayaudari ransa yakan ɓaci da gaske, ya ce a nuna masa wadda ya taɓa yi wa rantsuwa.

Kujerar aski wuri ne da maza ke sakin baki. Mutum na zaune an ɗaure masa wuya, ba inda za shi, ga fuskarsa a gabansa, sai ka ji ya fara faɗin abin da bai gaya wa ɗan'uwansa ba. Da haka Tauraro ya zama mai ba da shawara kan neman aure, shi da bai taɓa yi ba. A wurinsa maza kashi biyu ne: akwai waɗanda mata ke bi, akwai masu bin mata, kuma yana gane layin kowa daga yadda yake kallon madubi. Wanda ya zauna ya ɗaga haɓa yana juya kai hagu da dama, shi ake ce wa kada ya yi gaggawa, kasuwarsa na ci, ya zaɓa ya darje. Wanda kuwa ya sunkuyar da ido yana kallon ƙyallen ƙirjinsa har a gama, tasa shawarar daban ce.

"Kai ba ka da lokacin ruwan ido," yakan ce wa irin wannan, yana kaɗe masa gashi daga kafaɗa. "Nemi guda ɗaya ka riƙe ta da hannu biyu. Kullum a gan ka. In ƙofa ta ɓalle a gidansu, kai ne. In tsohuwa za ta asibiti, kai ne. Tunda fuska ba za ta yi maka aiki ba, to ƙafa ta yi maka."

Benci yakan kwashe da dariya, har da wanda ake yi wa askin. Kawu ne kawai ba ya dariya. Shi mutum ne da ba a taɓa zarginsa da kyau ba, gajere mai manyan kunnuwa, ya yi aurensa tun da ƙuruciya, kuma har yanzu matarsa na aiko masa da abincin rana a rufe da tawul don kada ya huce.

A cikin wannan cinkoson akwai mace ɗaya da ta fita daban. Tela ce, shagonta na tsallaken titi, daidai inda in ya tsaya a bayan kujera yakan hango ta a cikin babban madubi ta sunkuya a kan keke. Shi ya sa mata suna Allura, don siririya ce kuma maganarta na huda mutum. Ranar da suka fara magana, ƙyallayen aski ya kai mata ta kalmashe musu baki. Ya yi mata murmushin nan mai wushirya, ya tsaya yana jiran abin da ya saba gani. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ka tare min haske," ta ce.

Tun daga ranar ta shiga ransa. Kada a yi masa ƙarya, ya so ta, kuma son da ya yi mata ba irin na sauran ba ne. Wurinta yake zuwa in kansa ya ɗau zafi, ya zauna a kan kujerar masu awo yana kallonta tana yanka yadi, ba sai ya ce komai ba. Da zazzaɓi ya kayar da shi, ita ta kulle shagonta ta yi jinyarsa tare da yayarsa. Da mahaifiyarsa ta rasu, 'yan matan nan masu wucewa ta gaban shago saƙon waya suka turo, ita kuwa tana gidan tana wanke kwanuka har baƙi suka watse. Ta san da sauran, ba ta taɓa yin kamar ba ta sani ba. Takan ce masa, "Wata rana za ka gaji," shi kuma ya ce, "In na gaji ai na san hanya." A lissafinsa ita ce matar ƙarshe, wadda zai aura in ya gama. Ya ɗauke ta kamar kayan da mutum ya kai ɗinki, ya san suna nan a rataye ko yaushe ya je.

Ita kuwa shekaru na tafiya. Wani malamin makaranta ya nema, ta ba shi haƙuri. Wani direba ya nema, ta ba shi haƙuri. Ƙannenta mata suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, ita ta ɗinka musu kayan da suka sa, tana cije fil a baki don kada ta amsa tambayoyin dangi. Mahaifiyarta, wadda a da take ce wa Tauraro "ɗana", ta koma amsa gaisuwarsa a taƙaice. Duk yana gani, kuma abin takaicin shi ne daɗi yake ji. Mace ta kori maza saboda shi, me ya fi wannan tabbatar masa cewa shi ɗin dai shi ne?

Ana nan sai ga Mai Famfo. Tsohon mai zuwa aski ne, ba baƙo ba, mai gyaran bututun ruwa a unguwar. Fuskarsa duk zanzana ce tun ta yarinta, hancinsa a baje, tafin hannunsa kamar bayan itace. Yana cikin masu kallon ƙyalle har a gama. Matarsa ta rasu da daɗewa ba su haihu ba, kuma ya sha karatun Tauraro har ya haddace. Ran nan da hantsi, benci a cike, ana tsakar gyara masa saje, sai ya yi gyaran murya.

"Maigida, shawarar nan taka nake so in bi. Na ga guda ɗaya."

"Madalla! Wace ce mai tsautsayin?" in ji Tauraro. Aka yi dariya.

"Telar nan ta tsallake."

Dariyar ta mutu. Kilifar da ke hannun Kawu ta yi shiru. Mai Famfo ya ɗago ido, karo na farko da ya dubi Tauraro ta cikin madubi.

"Na san kuna mutunci, shi ya sa na ce bari in fara ji daga bakinka. In akwai magana tsakaninku, wallahi na janye, ba wanda zai sake jin ta. Ni ba na shiga hurumin mutum."

Kalma ɗaya ta isa. Da ya ce "akwai", da magana ta ƙare a nan. Amma ga benci cike da mutanen da ya shekara yana yi wa karatu, duk sun zuba masa ido. In ya ce akwai, ya ɗaure kansa a gaban shaidu. Abin da ya fi wannan ciwo, ya nuna ke nan yana tsoron mai gyaran famfo. Ya dubi fuskar mutumin a madubi, ya dubi tasa a samanta, sai ya ji dariya ta taso masa.

"Ni ka taɓa jin na sa wa wata hannu na ce tawa ce? Je ka gwada sa'arka, bawan Allah. Amma ka riƙa wanke hannu kafin ka shiga, ba ta son a taɓa mata yadi da datti."

Har turare ya fesa masa, ya raka shi bakin ƙofa yana dafa kafaɗarsa. Da shagon ya yi sauƙi, Kawu ya zauna yana goge haƙoran kilifa da burushi, bai ɗago ba.

"Ɗan nan, yau ka yi wauta."

"Haba Kawu, ka dubi fuskarsa mana."

"Na duba. Irin tawa ce."

Mai Famfo ya bi karatun sak, bai ƙara ba bai rage ba. Tauraro na tsaye a bayan kujera yana kallon komai ta madubi, kamar mai kallon wasa. Yau ya ga mutumin ya zo ya ɗaure mata rumfar da iska ta ɗage. Gobe ya ga ya sauke mata ɗaurin yadi daga kan babur. An ce ya gyara tankin gidansu da ya shekara yana yoyo, an ce shi ke kai mahaifiyarta asibiti ya zauna a layi har a kira ta. Ba ya daɗewa in ya zo, ba ya kuma fashi. Tauraro yakan nuna wa masu aski da bakin almakashi ya ce, "Ku ga ɗalibina, yana ƙoƙari."

Maganar benci ba ta kwana a benci. Wata rana da azahar, shagon ba kowa sai shi da Kawu, Allura ta tsallako titi, tef ɗin awo a wuyanta. Ta gaida Kawu da ladabi, tsohon ya amsa ya ce bari ya je kantin magani, ya fita.

"An ce kai ka ce ya je ya gwada sa'arsa."

"Wasa ne fa, Allura."

"Ni ce abin wasan?"

Ya yi murmushi, ya matso zai kama bakin tef ɗin kamar yadda ya saba. Ta ja da baya.

"Mama ta gaji, ni ma na gaji. Mutumin nan ya yi maganar aure, ban ba shi amsa ba. Na ce sai na zo na ji daga gare ka. Ba na son zaƙin baki, Tauraro. Ka gaya min abu ɗaya da zan koma gida da shi."

Idonta ya cika da hawaye, abin da bai taɓa gani ba, kuma ganin hawayen ne ya kashe shi. Da ta zo a fusace, wataƙila da ya tsorata. Amma mace mai kuka ai tana hannu, haka ya sani tun yana saurayi. Ya yi ajiyar zuciya, ya sassauta murya.

"Ke ma kin san matsayinki. Bari dai abubuwa su daidaita."

Ta tsaya tana kallonsa har ya fara jin nauyi. Sannan ta gyaɗa kai, ta juya ta tsallaka titi. Washegari da ya tsaya a bayan kujera ya ɗaga ido, bai gan ta ba. Ta janye keken zuwa cikin shago, ta rataya labule a ƙofa. Ya ce wa Kawu jan aji ne, kishi take so ta sa shi, mako nawa ne za ta sauko. Ya ci gaba da harkarsa da wata mai aiki a kantin magani. Sai dai ya kama kansa yana ɗaga ido wajen labulen nan sau da yawa a yini, har ya taɓa yanke wani a kunne.

Abin da ya farkar da shi ƙarami ne. Wasu 'yan mata biyu suka kawo yaro aski, ɗaya daga ciki kyakkyawa ce ƙwarai, irin waɗanda a da ba ya ko wahala a kansu. Ya gyara tsayuwa, ya saki wushirya, ya tambaye ta ko a unguwar take, don bai taɓa ganinta ba. Ta amsa da ladabi, idonta a kan wayarta.

"Eh, Baba. Don Allah a rage masa sosai."

Baba. Ya yi kamar bai ji ba, ya sunkuya yana gyara wa yaron bayan kunne. Yana sunkuye ya ji ɗayar ta yi raɗa, suka ƙunshe dariya, kuma cikin raɗar ya tsinci kalma biyu: tsakar kan. Ya gama askin. Suna fita ya zauna a kujerar da yaron ya tashi.

"Kawu, ɗauko madubin."

Tsohon bai motsa ba.

"Kawu, don Allah."

Kawu ya je wajen ƙusa a hankali, ya ciro madubin, ya goge shi da gefen rigarsa, ya tsaya a bayansa ya ɗaga. Ga shi nan. Sanƙo ne sosai, faɗinsa ya kai tafin hannu, fatar na ƙyalli a ƙarƙashin 'yan silin gashin da aka kwantar a kai da dabara. A gefe da gefe furfura ta yi tsiri-tsiri har zuwa ƙeya. Daga gaba kuwa komai na nan yadda ya sani, gira da hanci da layin goshi da Kawu ke fitar masa tsaf. Ya sha shafa wurin ya ji gashin ya yi laushi, ya ce tsohon ne ke cika zurfafa kilifa. A hoto kuwa bai taɓa ba kowa baya ba.

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe. Ina barin na gefe ya ɗan yi tsawo in kwantar maka."

"Kuma ba ka gaya min ba?"

"Sau nawa na miƙa hannu wajen ƙusar nan?"

Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Abubuwan da ya ƙi gani suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Wayarsa ta daɗe da rage ƙara. Masu wucewa ta gaban shago yanzu wucewarsu kawai suke yi. Ta kantin maganin ma sai ya kira take kira. Ya haura arba'in yana zuba wa mutane karatun layi biyu, ashe shi kansa ya daɗe da sauya layi, unguwa duk ta sani, shi kaɗai ne bai sani ba. Kuma ya san shawarar da ake ba mutanen wannan layin, don shi ya ƙirƙiro ta.

Bai taɓa sa hula ba a rayuwarsa, yakan ce kan mai aski shi ne allon tallansa. Da yamma ya shiga kasuwa ya sayi ɗaya. Da safe ya yi wanka, ya sa rigar da ita ta ɗinka masa, ya kafa hular, ya tsallaka titi ya ɗaga labulen.

Tana kan keke, ta tara wani farin yadi mai sheƙi a cinyarta. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi hular.

"Allura, na zo mu tsayar da magana. Na shirya. Duk ranar da kika ce, Kawu zai je wurin su Mama."

Keken ya tsaya. Ya ga hannunta ya kama gefen tebur ya riƙe, ya ga ƙirjinta na hawa da sauka. Shekara da shekaru take jiran wannan maganar, kuma ta shige ta, wannan ba ya ɓoyuwa. Zuciyarsa ta fara kwanciya.

"Cire hular," ta ce.

"Me ya kawo maganar hula kuma?"

"Cire ta."

Ya cire, ya riƙe ta a hannu kamar yaron da aka kama. Ba ta ko tashi ta duba ba.

"Ka gani ke nan."

"Kin sani?"

"Tun rasuwar Innarku. Ka zauna a ƙasa ka sunkuyar da kai, ina tsaye a kanka da kofin ruwa. Lokacin bai fi bakin kofin ba." Ta gyara yadin da ke cinyarta. "Ban ce komai ba don bai dame ni ba. Daɗi ma na ji. Na ce to, ga shi zan ga tsufansa."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Da shekaranjiya ka zo min da kanka a buɗe, ba ka san komai ba, wallahi da na ba bawan Allahn nan haƙuri, duk da kunyar da zan sha. Haka nake, ban warke ba. Amma ba ni ka zo nema ba. Ka ga kasuwa ta fara watsewa ne, ka tuna kana da ajiya a tsallake."

"Ba haka ba ne. Ina son ki, kin sani."

"Na sani. Jiya da safe ma kana so na, me ya hana ka tsallako?"

Abin da ya fi ci masa rai shi ne duka biyun gaskiya ne. Yana son ta, kuma tsoro ne ya kawo shi, ya kasa raba ɗaya da ɗaya ko a cikin zuciyarsa, balle ya raba mata.

"Shi fa?" ya ce da ƙyar. "Son sa kike yi?"

"Ban fara da son sa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in ya shigo nan, ni yake kallo. Kai ko yanzu dubi inda ka tsaya."

Ya duba. Yana tsaye ne daidai gaban dogon madubin da mata ke gwada kaya, ya ɗan karkata kafaɗa, yadda ya saba tsayawa duk sanda ya shigo shagon nan. Bai san lokacin da ya yi ba.

"Na riga na ba shi amsa," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Wannan da kake gani nawa ne nake ɗinkawa. Ka tafi, Tauraro, kada wani ya shigo ya same ni haka."

Ya fito. Bai ji ƙarar keken ta tashi a bayansa ba, kuma ya san dalili, amma sanin bai amfane shi da komai ba. Ya tsallaka titi da hular a hannu, wani mai babur ya zage shi, bai ko waiwaya ba.

Bayan wannan ya zama wani irin mutum mai shiru. Karatun benci ya ƙare. In wani saurayi ya nemi shawara, sai ya ce ya tambayi Kawu. Yayarsa ta fara kawo masa sunayen mata, zawarawa da waɗanda suka ɗan manyanta, yakan ce to, ya bar maganar a nan. Ba wai ya fi ƙarfinsu ba ne yanzu. Duk wadda aka ambata sai ya ji tambayar nan a kunnensa, me ya hana ka tsallako, kuma bai ga da wace fuska zai je wa wata da abin da waccan ta riga ta gano ba.

Ana jibi ɗaurin auren, Mai Famfo ya shigo da hantsi, ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu. Kawu ya yi sauri ya kaɗe kujerarsa.

"Zo nan, ango, yau ni zan yi maka."

"Bar shi, Kawu," in ji Tauraro. "Mutumina ne."

Ya ɗaura masa ƙyalle, ya ɗauki kilifa. Gashin mutumin cike yake, baƙi wuluk, mai tauri tun daga goshi har ƙeya, bai taɓa lura ba sai ran nan. Ya yi masa aski a natse, ya fitar da layi, ya bi da reza a hankali ta tsakanin zanzanar nan ba tare da ya ƙwarzane shi ko sau ɗaya ba. Kawu ya ce daga baya bai taɓa ganin ya yi aski mai kyan wannan ba. Mai Famfo na kallon ƙyallen ƙirjinsa kamar kullum, sai can wajen ƙarshe ya yi magana.

"Maigida, ban san yadda zan gode maka ba. Duk abin da ka ce in yi, shi na yi."

Ba gatse a muryarsa, ko kaɗan. Da akwai, da ya fi sauƙi. Tauraro ya kaɗe masa kafaɗa, ya shafa masa hoda a wuya, ya je wajen ƙusa ya ciro ƙaramin madubin, ya tsaya a bayansa ya ɗaga.

"Duba baya."

Mai Famfo bai ɗago ba, yana ta ƙoƙarin kwance ƙyallen da manyan yatsunsa.

"Ba sai na duba ba, Maigida. Ita za ta gani, in bai yi ba za ta gaya min."

Ya miƙe, ya yi wa mutanen benci sallama, ya fita. Tauraro na tsaye da madubin a hannu, yana kallonsa ta cikin babban madubi ya duba hagu da dama, ya tsallaka titi, ya goge hannuwansa a jikin wando, ya ɗaga labulen ya shiga.

"Na gaba," in ji Kawu, don ya ga ɗan 'yar'uwarsa ba zai iya faɗa ba.